Baƙin Soso Iri Biyu

Zuwa ga Ɗan Goggo,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, da fatan kana cikin ƙoshin lafiya. Ya ruwa, ya kunnen? Mu nan kalau, in ban da ƙafar Baba da take kumbura in ya daɗe a tsaye. Yara suna gaishe ka, har autar da ba ta taɓa ganinka ba ta ce a gaishe mata da kawunta mai kifi.

Na san waya ba ta da amfani a wurinka. A teku babu sabis, a tudu kuma ƙarar injin ta riga ta cinye maka kunne. Shi ya sa na aika wannan takarda ofishinku na bakin ruwa, ka same ta in jirgi ya tsaya.

Na samu aikin dafa wa wani ƙaramin asibiti abincin rana, ɗakin yara da ɗakin masu haihuwa. Girkin bai dame ni ba, hanyar ce. Kafin a-kori-kura ta fita daga cunkoson kasuwa ta haye gada, shinkafa ta huce, man miya ya daskare a sama. Babbar nas ɗin wurin mace ce da ba ta ɗaga murya. Sai ta buɗe tukunya, ta kara bayan hannunta, ta dube ni, ta mayar da murfi. Gara a zage ni da wannan kallon.

Kulolin kasuwa sun yi wa tukwanena kaɗan. Baba ya ce zai ƙera min akwatuna na kwano, a shimfiɗa soso a ciki. Tun da mutane suka koma jakar tafiya babu mai leƙa shagonsa neman akwatin ƙarfe, don haka ya ɗauki aikin da zafi, har ya fara yanka. Soson ne ya tsayar da mu. Na gwada farin nan da ake tokare sabon firji da shi a kwali, na ɗora tukunya da zafinta, ya lotsa ya manne mata a gindi. Mai katifa na layinmu ya ce nasa ya fi, amma shi ko ciwon haƙori ka kai masa katifa zai ba ka.

Kai da ka yi shekara da shekaru kana gadin sanyi a cikin jirgi, ai ka san abin da ke tsare zafi. Rubuto min, da hannun da mutum zai iya karantawa.

Taubashiyarka,
'Yar Kawu

*

'Yar Kawu,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta jira ni a ofis har gefenta ya naɗe. Ina lafiya. Kunnen hagu ya yi ritaya, na dama yana zuwa aiki in ya ga dama. Ki gaishe min da Kawu da kyau, ki ce ya riƙa ɗora ƙafar a kan kujera. Ashe akwai ranar da baiwata za ta nemi ilimi wurin ubangidanta. To, zauna ki saurara.

Farin da kika gwada iska ce aka kulle a cikin ƙananan ƙwayoyi. Ga ƙanƙara da ɗanyen kifi ba shi da laifi. Amma tun zafi bai kai na tafasar ruwa ba yake yin laushi, mai mai zafi kuma cin sa yake yi. Ki bar shi.

Na katifa ramukansa a buɗe suke. Zai sha tururi, ya sha miyar da ta zube, ba zai bushe ba, kafin ki ankara ya yi fumfuna. A gida ma ban yarda ba, balle asibiti.

Akwai na cikin bangon firji, mai ruwan ɗorawa, mai tauri. Ruwa biyu ake haɗawa ya kumbura ya cika wurin. Ya fi kowane riƙe zafi, amma sai an rufe shi ruf tsakanin ƙarfe biyu, don in ya tsufa gari yake yi. Tururin haɗa shi kuma ba na huhun Kawu ba ne.

Wanda nake so ki nema baƙi ne, marar nauyi. Da akwatin irinsa kukunmu yake hawa da abinci daga kicin zuwa ɗakin tuƙi, ko da iska tana kaɗawa abincin yana isa da tururinsa. Yana jure zafin da ya ɗan wuce na tafasar ruwa, ba ya shan ruwa, ana wanke shi da sabulu. Duk da haka kada abinci ya taɓa soso kowane iri. Tukunyar silba mai murfi, sannan soso, sannan kwanon Kawu.

Biro ya ƙare, takarda ma ta ƙare. Juya baya.

Da fensir na ci gaba. Ki kula sosai, baƙin soso iri biyu ne. Akwai na naɗe bututun eya-kwandishan, mai laushi kamar roba, jikinsa sumul. Ba shi nake nufi ba. Yana jin zafi zai yi warin taya. Naki jikinsa ƙwaya-ƙwaya ne kamar farin, in kin danna shi da yatsa ya dawo. Ki duba tambari: alwatika da lamba biyar a ciki, da hoton kofi da cokali mai yatsu. Ki ce mai kayan ya ba ki takardar shaidar cewa an yi shi don abinci. Kafin ki ɗauka da yawa, ki yanki ɗan guntu, ki sa a kwano, ki zuba tafasasshen ruwa, ki rufe. In kin buɗe kin ji wari, ki mayar masa. Kada a sa gam, warinsa tashi yake da zafi. A yanka daidai ya zauna da kansa, yadda za ki iya cirewa ki wanke.

In babu shi a kasuwarku ki yi haƙuri, zan nema a tashar da ke gaba.

Kawu ya daina rubuto min da hannunsa. Lafiya dai?

Ubangidanki,
Ɗan Goggo

*

Ɗan Goggo,

Sallama da gaisuwa. Muna lafiya. Ƙafar Baba ta sauka.

Takardarka ta zo ina kasuwa. Baba ya karɓa, ya ce ɗansa ne ya rubuto kuma maganar aikinsa ce, shi zai karanta. Ya fita da ita bakin shago ya daɗe yana dubawa, sannan ya faɗa min abin da ka ce: ba fari ba, ba na katifa ba, baƙi. Da kansa ya je layin masu kayan firji ya dawo da naɗi biyu a kafaɗa. Ya shimfiɗa a akwati uku, ya manne da gam tsaf, ko iska ba ta shiga. Ban taɓa ganin ya yi aiki yana busa fito ba sai wannan karon.

Abincin ya isa da zafinsa, wannan kam ka yi gaskiya. Ina buɗe akwatin farko a barandar ɗakin yara wari ya bugi kowa, kamar an gasa taya. Na ce ai murfin tukwane a rufe yake, abin bai shiga ciki ba. Ya shiga. Wani yaro da aka yi wa aiki a ciki, wanda ranar aka fara ba shi izinin cin abinci, ya kai cokali biyu ya dawo da su a kan zanen gado. Uwarsa ta fito baranda tana cewa, "Mai abinci, me muka yi miki?"

Babbar nas ta sansana shinkafar, ta sa hannu ta ɓanɓaro gefen soson ta sansana shi ma. Ta ce, "Wa ya ce ki sa wannan?"

Na ce, "Ɗan'uwana, masani ne, a jirgin ruwa yake."

Ta ce, "To ki gaishe shi. Ki kwashe kayanki. In kin samu akwatin da ya dace da takardar shaidarsa kafin hukumar asibiti ta zauna, ki dawo. In ba ki samu ba, akwai masu jira."

Yanzu wata mata ce take kai musu. Tukwanena suna kife a tsakar gida, matan nan biyu da ke taya ni girki na ce su zauna a gida tukuna.

Ka ce baƙi, baƙi muka saya. Ban rubuto don rigima ba. Ina so dai ka san yadda shawararka ta ƙare.

'Yar Kawu

*

'Yar Kawu,

Na amsa sallamarki. Ina lafiya. Allah ya ba yaron nan sauƙi.

Mun daɗe a ruwa, injin sanyi ɗaya ya mutu, sai yanzu na ga takardarki. Na karanta ta a tsaye a ofis, na sake karantawa a zaune.

Abin da kuka saya shi ne ainihin abin da na ce kada a saya. Na rubuta. Na rubuta maganar gam. Na rubuta yadda za a gwada da ruwan zafi kafin a kai wa marasa lafiya. Duk yana bayan takardar, kuma na ce a juya. Kawu ya yi shekara arba'in yana karanta awo a jikin ƙarfe, ba zai tsallake rabin takarda ba. Ke kin karanta ta da idonki, ko dai kin ba da sunana a asibiti kin huta?

Ki nemi takardar ki juya ta.

Ɗan Goggo

*

Ɗan Goggo,

Gaisuwa. Ka yi haƙuri da jinkirin, gidan bai zauna ba.

Na ciro takardar daga aljihun rigar Baba, na juya. Komai yana nan yadda ka faɗa. Fensirin ne bai gani ba. Ashe ya daɗe idonsa yana rufewa, yana ɓoye mana, awon ma da yatsa yake yi. Da na karanta masa bayan takardar, ya tashi ya shiga ɗaki. Daga ranar bai ƙara cin abincin kirki ba.

Yanzu dai Baba ya huta. Mun rufe shagon, na tattara gudumarsa da almakashinsa na kulle a akwati. Maƙwabta suna ta shigowa, ban samu zama ba. Sauran bayani sai na nutsu.

'Yar Kawu

*

'Yar Kawu,

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya jiƙan Kawu, ya yafe masa, ya ba mu haƙurin rashinsa. Ya haƙuri? Ya yaran?

Ban san abin da ake rubutawa a irin wannan takarda ba. Ba ki faɗa min ranar ba, ba ki faɗa min ko ya sha wahala ba. Ina so in san wa ya yi masa wanka, kuma ko kusa da mahaifiyata aka sa shi.

Lokacin da ta rasu shi ya zo ya ɗauke ni, a kan kekensa, kayana a cikin akwatin da ya ƙera da hannunsa. Ke kina ƙarama, ba za ki tuna ba. Bai yi min ta'aziyya ba. Washegari ya ba ni almakashi da guntun kwano ya ce in bi layi. Na yanke yatsa, ya duba ya ce yatsan zai warke, kwanon ne na ɓata. Duk injin da na buɗe a jirgin nan, muryarsa nake ji tana cewa in ajiye kusoshi wuri ɗaya. Da kunnen da ya mutu ma nake jin ta.

Soson yana nan. Na same shi a tashar da ta wuce, fallaye shida, da tambarinsa da takardar shaidarsa. Suna jingine a ɗakina, a kansu nake rataye tawul. Na yi niyyar aikowa da mota, fushi ya sa na ce bari ki fara ba ni haƙuri.

Na gaya wa kyaftin zan sauka a tashar gaba. Ya ce babu wanda zai riƙe injin, na ce yaron da suka kawo min mataimaki gemunsa ya fi nawa, ya riƙe. Zan taho da soson da kaina. Kada ki ba kowa kayan aikin Kawu, ni zan ƙarasa akwatunan.

Ɗan'uwanki,
Ɗan Goggo

*

Ɗan Goggo,

Sallama. Muna lafiya, dukkanmu, har da mamacin.

Baba yana nan da ransa. Hutawa na ce ya yi, wato ya ajiye aiki. Maƙwabta dubiya suke zuwa. Na sake tuna abin da na rubuta, na ga in ni ce a tsakiyar teku haka zan fahimta. Ban san ko in yi dariya ko in nemi gafara ba, ga su nan duka biyun ka zaɓa.

Na so in ɓoye masa takardarka, autar ta riga ni, ta ce, "Kaka, an ce ka mutu." Dole na karanta masa. Ya saurara ido rufe. Da na zo wurin yatsa ya ce, "Ƙarya yake, yatsa biyu ya yanke." Wurin muryar da kake ji kuma ya ce in maimaita, wai hayaniyar yara ta hana shi ji. Babu yaro ko ɗaya a ɗakin. Bayan nan ya ce a zubo masa abinci, ya cinye.

Na kai shi wurin likitan ido. Yanar ido ce ta rufe duka biyun. Ta idon dama za a iya cirewa, na hagu sai abin da Allah ya yi. An sa mana rana.

Ina tsoron wannan takardar ba za ta same ka ba kafin ka sauka. In ta same ka, kada ka fasa zuwa. In ba ta same ka ba, Allah ya sa zuciyarka ta fi kunnenka ƙwari.

Taubashiyarka,
'Yar Kawu

*

'Yar Kawu,

Assalamu alaikum. Na iso lafiya, jirgi yana nan, mataimakin bai kashe kowa ba. Ya Kawu, ya idon? Ya yaran?

Ina shiga ofis magatakarda ya miƙo min takardarki, wadda kika ce Kawu yana da rai. Na gode da labarin. Ya zo a makare kaɗan.

Kin yi ta tambayata abin da ya faru da na shigo gidan kina kasuwa, na ƙi faɗa miki don na san za ki riƙe shi makami har tsufanmu. Yanzu da ruwa ya raba mu, ga shi.

Na zo da soson ɗaure a baya. Na ga shagon a kulle, na tsaya na yi masa addu'a a bakin ƙofar. Na shiga gida da sallama a hankali, irin ta gidan makoki. Sai ga mutum a kan benci a inuwar bango, ido ɗaya a liƙe da farin bandeji, ƙafa a kan kujera, yana ɓare gyaɗa. Soson ya zame daga bayana. Na zauna a ƙasa, a kan soson.

Ya ce, "Wane ne? In mai gyaran famfo ne, bayan gida yake."

Na ce, "Kawu."

Ya ce, "Au, mai ta'aziyya ne. Ka makara, an riga an watse."

Ban san lokacin da na rarrafa na kama ƙafarsa ba, mai kumburin ma. Ya bar ni na ɗan lokaci, hannunsa a kaina. Sannan ya ce, "Tashi, kana danne min jijiya. Ba ni abin da ka kawo in taɓa." Ya shafa fallen, ya danna da yatsa, ya kai hanci. Ya ce, "Wannan ba shi da wari." Na ce shi ya sa. Ya ce, "Da biro ka rubuta da ba a kai nan ba."

Sauran kin gani da idonki: ni da almakashi, shi a zaune yana ba da umarni, ke kina tafasa ruwa muna gwadawa. Tsohon gam ɗin nan ya ci min fatar hannu, har yanzu tana saɓa.

Ki riƙa ciro fallayen kina wankewa da sabulu, ki shanya a inuwa. Kada ki ɗora tukunya kai tsaye daga kan wuta, gindinta ya fi tafasar ruwa zafi, ki bar ta ta ɗan sarara a kan katako. Takardar shaidar ki ba su kwafi, ki riƙe ta asali.

Me hukumar ta ce?

Ɗan Goggo

*

Ɗan Goggo,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya. Autar tana tambaya ko kifi ya gane ka.

Hukumar ta zauna. Babbar nas ta karanta takardar shaidar tun daga sama har ƙasa, ta ciro falle ɗaya ta sansana, ta buɗe tukunya ta kara bayan hannunta, ta janye da sauri. Ta ce, "To." Sun mayar min da ɗakin masu haihuwa. Ɗakin yara sun bar wa ɗayar matar, sun ce uwayen ba su manta ba tukuna. Ban yi gardama ba. Mace ɗaya daga masu taya ni ta dawo, ɗayar ta samu wani wurin.

An cire wa Baba bandeji. Idon dama ya buɗe, na hagu ya tafi. Likita ya ɗaga yatsu ya ce ya ƙirga, ya ƙirga daidai, ya ƙara da gaya wa likitan cewa ƙafar teburinsa ɗaya ta fi sauran gajarta.

Muna dawowa gida, kafin ya zauna, ya ce in fito masa da akwatunan tsakar gida. Ya zagaya su, ya durƙusa, ya bi kowace kusurwa da idon nan ɗaya. Ya daɗe a kan na biyun. Na ce, "Baba, lafiya?" Ya ce murfin a karkace yake. Na ce ai yana rufuwa, abinci kuma yana isa da zafi. Na ce in ya dame shi ga gudumarsa nan, yanzu ai yana gani.

Ya ce shi ya yi ritaya. Ya ce wanda ya karkata shi shi zai zo ya miƙe shi, kuma in rubuta maka haka da biro.

Taubashiyarka,
'Yar Kawu